Wa Ya Yi Maki Daka? Shekara Tara Bayan Yaya Salamatu

Shekara tara ke nan da rasuwar yayata, Lokotoro Salamatu, wato Likita Salamatu. Kafin in rubuta wannan adadi sai da na tambayi matata, na kuma buga wa ƙanin babanmu waya a Tajaye, domin ni mutum ne da ba ya sakin jiki da abin da ya tuna shi kaɗai. Su duka suka ce tara ne. Matata ta ƙara da cewa in na sake tambayarta za ta ce goma, don in yini ina juya maganar.

Sunana Isuhu. Ina gyaran wayoyin wutar babur a Birnin Konni, a wata rumfa kusa da inda ƴan kabu-kabu suke tsayawa. Karatuna bai wuce lakwal ta firamare a Tajaye ba, inda muka zauna da Yaya a aji na kara, tana gaba ina baya. Ita ta wuce kwaleji, ta wuce Yamai, ta ƙetare teku, ta dawo likitar jijiya da ƙwaƙwalwa, tana koyarwa a jami'a tana bincike. Ni na tsaya inda na tsaya, kuma ban taɓa jin haushin haka ba. Wanda yake jiran in bayyana masa zurfin iliminta, ya yi haƙuri. Abin da na gani da idona shi zan faɗa. Bana kuwa na ga abin da ya sa na ɗauki alƙalami ba tare da shakka ba, ni da ko saƙon waya sai na karanta na sake karantawa kafin in aika.

Ciwon da Yaya ta ƙarar da rayuwarta a kansa yana da dogon suna na Faransanci, sikileroz an filak, wanda ya fi ƙarfin bakin mutanenmu. Ita da Hausa takan ce ciwon rigar jijiya. A rumfata ta bayyana mini shi, wata rana da ta biyo ta Konni za ta gida. Ta ɗauki wata waya daga cikin tarkacena, ta ɗaga ta sama.

"Malam Kada-dai, mi ya samu wagga?"

Haka take kirana tun muna yara, don wai ba na fara magana sai da "kada dai".

Na ce, "Kusu ya ci rigarta, Yaya."

"In rigar ta tahi, hitila tana kamawa?"

"Wani bi ta kama, wani bi ta ƙiya. In babur ya yi zahi abin ya hi ɓaci."

Ta ce, "To ka gama karatun da ni na yi shekaru ina yi. Saura ka san wane ne kusun."

Ta yi dariya, sannan ta gaya mini cewa jijiyoyin da ke cikin ƙwaƙwalwa da laka su ma suna da riga. A wannan ciwo, garkuwar jikin mutum, wadda aka yi don ta kore cuta, ita ce take rikicewa ta afka wa rigar. Wurin ya kumbura, saƙo ya daina wucewa, sai ido ya dushe, ko ƙafa ta yi nauyi, ko hannu ya mutu. Bayan makonni kumburin ya faɗa, mutum ya tashi kamar bai taɓa kwanciya ba. Bayan shekara ɗaya ko uku ya dawo ta wani wurin. Kuma ya fi son mata masu ƙuruciya, waɗanda gida yake tsaye a kansu. Na ce kada dai ni ma ina da shi, don ƙafata takan yi sanyi in na daɗe a tsugune. Ta ce abin da nake da shi ba a gano maganinsa ba tukuna, kuma ba a jijiya yake ba.

Tushen abin a gidanmu yake. Muna da gwaggo, ƙanwar babanmu, ana ce mata Delu. Wata bazara ƙafafunta suka ƙi ɗaukarta, aka kira wanzami ya yi mata ƙaho, kafin shuka ta miƙe, wanzami ya sha yabo. Bayan ƴan shekaru idonta ɗaya ya rufe, aka yi mata turare aka ce iska ce, idon ya buɗe, mai turare ya sha yabo. Daga baya hannu. Duk wanda ya ba da magani na ƙarshe shi ne gwani, domin ciwon da kansa yake ja da baya, ba wanda ya sani. A ƙarshe ya zo bai koma ba. Har ranar da ta cika, in ka ce, "Gwaggo, ya jiki?" sai ta ce, "Da sauƙi, mun gode Allah." Yaya ce take yi mata daka da ɗebo ruwa a duk kwanciyar da ta yi, tun tana ƴar yarinya har ta tafi kwaleji. Ba ta taɓa rantsuwa cewa wannan ciwon ne ya kashe Gwaggo ba. Takan ce babu hoto, babu gwaji, ba za ta ɗora wa mamaci abin da ba ta tabbatar ba. Amma daga nan ta fara.

Ga abin da ta gano, gwargwadon fahimtata. Likita ba ya gane wannan ciwo da kwanciya ɗaya. Sai ya san cewa ya taɓa zuwa a wani lokaci, ta wani sashe na jiki, ya tafi, ga shi ya dawo. To mu kuwa, a ƙasarmu, ciwon da Allah ya ɗauke ba a tayar da maganarsa. Wanda ya warke ya koma yana lissafa kwanciyar da ya yi, ana ganin ya raina sauƙin da aka ba shi. Tsofaffi kuma suna cewa ambatonsa kiransa ne. Saboda haka in likita ya ce wa mace, "Kin taɓa yin irin wannan?" sai ta ce, "A'a, lafiyata lau, alhamdu lillahi." A wurinta ba ƙarya ta yi ba, ladabi ta yi wa Ubangijinta. Likita kuwa ya rubuta cewa wannan ne karo na farko, ya nemi wata cutar daban. Ta haka littattafan da Yaya ta karanta suka ce ciwon da ƙyar ake samunsa a wajenmu. Ita ba ta ce ƙarya suke yi gaba ɗaya ba. Ta ce mai yiwuwa ya fi yawa a ƙasashen sanyi, amma ba wanda ya isa ya faɗi yawansa a nan, tun da ba a iya tambayar mutanen nan ba.

Sai ta tuna kanta. Me ya sa ita ta riƙe kowace kwanciya ta Gwaggo, da lokacinta, da sashen jikin da ta kama? Saboda hannunta ne ya yi kanta a jikin taɓarya. Sannan ta tuna wani abu na biyu: mutuminmu zai ɓoye ciwonsa, amma ba zai ɓoye wanda ya yi masa alheri ba. Wannan shi ne babban butulci, ya fi wancan muni. Sai ta daina tambayar ciwo, ta koma tambayar alheri. Takan zauna a tabarma ta ce, "Tun da kinka yi aure, wa ya taɓa ɗaukar maki aiki? Wa ya yi maki daka, wa ya ɗebo maki ruwa, wanda har yau kina gode mashi?" Nan take bakin mace ya buɗe. Ta ce ƙanwar mijina, Allah ya saka mata, damanar da aka yi fara ita ta noma mini gayauna. Me ya sa? Ai lokacin ƙafar nan ba ta taka ƙasa. Shi ke nan, ciwon ya fito a bayan godiya, ba wanda ya kira shi da suna, ba wanda ya ji ya saɓa wa Allah.

Na ga wannan da idona, domin in ta zo hutu ni nake goya ta a babur zuwa ƙauyukan Bazaga da na Malbaza. Ina tuƙi ina cewa kada dai taya ta fashe, kada dai mai ya ƙare, tana bayana tana cewa in na ƙara "kada dai" ɗaya za ta sauka ta hau jaki. Takan ga marar lafiya da sanyin safiya, sannan ta ƙi tafiya, ta zauna ana shan hura ana hira har rana ta take, ta sake cewa a tashi a taka. Wadda ta yi tafiya daidai da hantsi, da azahar sai ka ga takalminta yana zamewa ba ta sani ba. Zafi yana tone ciwon. Mutane suna zaton hurar ce ta riƙe ta.

Duk wannan ta rubuta shi da Faransanci da Turanci, ta kai shi tarurrukan likitoci a ƙasashen da ban san inda suke ba. Ban iya karanta rubutun ba, amma na san an yi gardama da ita, don takan dawo da labari. Wasu sun ce wannan hirar tsakar gida ce, ba ilimi ba. Ba ta yi fushi ba. Ta koma ta haɗa abin da matan suka faɗa da hoton ƙwaƙwalwarsu da gwajin ruwan lakarsu, duk wadda aka samu halin kaiwa inda na'ura take, har masu gardamar suka fara tambayarta yadda ake yin tambayar. Ta yi aiki kuma a kan sauran ciwukan kumburin ƙwaƙwalwa da laka, har da abin da sanƙarau yake bari a jikin wanda ya tashi, don kullum tana gargaɗin ɗalibanta cewa ba kowace ƙafa mai ja ba ce ciwon rigar jijiya, yana da ƴan'uwa masu kama da shi, kuma maganinsu ba ɗaya ba ne.

Rashin lafiyar da ta ɗauke ta ba ta daɗe ba. A Yamai ta cika, muka kawo ta Tajaye kusa da iyayenmu. A zaman makoki wata ɗalibarta ta nuna mini a waya yadda likitocin wasu ƙasashe suke sa sunan Yaya a ƙarshen rubutunsu, alamar daga wurinta suka ɗebo. Na gode mata, amma a raina ban natsu ba. Na ce suna a ƙasan takarda ba ya ɗaga ƙafar mace a Bazaga. Na ce kada dai an rufe buronta, wato ofishinta, an rufe da komai. Shekara tara ina ɗauke da wannan tunani, ban gaya wa kowa ba sai matata, wadda ta ce da ma ban taɓa rasa abin ɗauka ba.

Nakan tambayi kaina abin da za ta ce da ta ga yau. Na san za ta yi murna da wayar da ta shiga kowane hannu, don yanzu likitan ƙauye yana iya ɗaukar tafiyar marar lafiya ya aika wa na birni ya gani. Na san kuma za ta yi faɗa da wayar nan ɗaya, don a cikinta ne masu magani suke tallar kwalba guda mai warkar da shanyewar jiki da basir da rashin haihuwa. Za ta tsaya a kan masu tallar ƙwayoyi a faranti cikin rana tsaka a kasuwar Konni, ta ɗauki fakiti ta duba, ta yi musu wa'azin da ba su nema ba. Za ta ce har yanzu na'urar hoton ta yi wa talaka nisa, magungunan da ke hana ciwon dawowa kuma samunsu sai an sha wuya. Ba mai saurin gamsuwa ba ce. Amma akwai abu ɗaya da na tabbata zai sa ta yi shiru ta yi murmushi, kuma shi ne dalilin wannan rubutu.

Ina da ɗiyar fari. Ba na faɗin sunanta na yanka, kowa ya san kunyar ɗan fari, amma Lami ake kiranta. Tana aure a wani ƙauye cikin ƙasar Bazaga, da ƴaƴa biyu, mijinta yakan tafi ci-rani bayan girbi. Uwar mijinta, Inna Kulu, mace ce ta kirki wadda ta riƙe ta kamar ita ta haife ta. Shekara uku da suka wuce, da bazara, idon Lami na hagu ya dushe, yana ciwo in ta juya shi. Kafin in gama shirin kai ta asibiti ya washe. Aka yi sadaka aka gode wa Allah, aka rufe maganar. Ni ban rufe ba, amma wa zai saurari Malam Kada-dai?

Bazarar bana ƙafarta ta dama ta fara ja. Ta faɗi a bakin rijiya, aka kawo ta gida a amalanken jaki. Da na je, na tarar Inna Kulu ta gama shawara: akwai wani mai maganin iska a tsallaken iyaka, ana kai masa mutum ya zauna wata da watanni. Na san abin da wata da watanni suke nufi, don Yaya ta sha faɗa mini cewa kowace kwanciya da aka bari tana iya barin tabon da ba ya gogewa. Na roƙi Inna Kulu, kaina a ƙasa, ta bari mu fara zuwa asibiti a Tawa. Ta yarda don girman surukuta. Amma da za mu shiga mota, Lami ta matso kusa da ni, ba ta dube ni ba, ta yi magana ƙasa-ƙasa.

"Baba, don Allah don Annabi, kada ka tada maganar idon ga. Allah ya ɗauke shi. Inna ta ce in anka ambace shi dawowa zai yi, kuma ni ba ni son a ce ɗiyarku ba ta da godiya."

Ɗiyar fari ba ta taɓa roƙona komai ba sai ran nan. Na ce to. Da bakina na ce to.

Ban taɓa yin tafiya mai tsawon wannan ba. In na yi shiru, likita zai ga ƙafa kaɗai, ya ce karo na farko ne, ya ba da maganin wani abu, mu koma, Inna Kulu ta ce ai ga shi asibiti ta kasa, a wuce tsallake. In na yi magana, na karya alkawarin da aka haɗa ni da Allah da Annabi a kansa, na kuma kunyata ɗiyata a gaban uwar mijinta. Na juya ta nan, na juya ta can, ban samu ƙofa ba. Har muka isa rigata ta jiƙe.

Likitan da muka samu saurayi ne, bai girmi Lami da yawa ba a ganina, Hausarsa kuma ta Zabarmawa ce, mace ta zama namiji, namiji ya zama mace. Inna Kulu ta dube shi ta ce mini a kunne, "Wanga ɗan yaro shi ka duba mutane?" Ya ji, ya yi dariya ya ce, "Inna, babban yana hutu, sai ku yi haƙuri da ƙaramin." Ya bugi gwiwar Lami da ɗan gudumarsa, ya ja wani abu a tafin ƙafarta, ya sa ta taka tana dafe da bango. Ya ce, "Kin taɓa yin wani ciwo kafin wannan?"

Ta ce, "A'a, lokotoro. Lahiyata lau, alhamdu lillahi."

Inna Kulu ta gyaɗa kai. Ni na dubi ƙasa.

Bai rubuta komai ba. Ya ajiye alƙalami, ya jawo kujerarsa daga bayan tebur ya zauna kusa da su, kamar wanda ya zo gaisuwa.

"To madalla. Ƙanwata, bari mu bar maganar ciwo. Gidan miji akwai aiki. Tun da kika yi aure, wa ya taɓa ɗaukar maki aiki? Wa ya yi maki daka, wa ya ɗebo maki ruwa, wanda har yau kina gode masa?"

Na ɗago kai. Hausarsa a karye take, amma kalmomin ba su canza ba, har da inda ake ɗan tsayawa kafin a ce "wanda har yau".

Lami ta dubi Inna Kulu da ke zaune a gefenta. Ina ganin yadda abin yake yaƙi a fuskarta. Ta ce babu, alhali matar da ta yi mata hidima tana zaune tana ji? Wannan ba ta iya ba. Ba ɗiyar da aka yi wa tarbiyya da za ta iya.

Ta ce, "Inna ce. Ga ta nan. Allah shi saka mata da Aljanna."

"Amin. Me ta yi maki?"

"Daka da tankaɗe da tuwo, duk ita. Da tsuhwanta. Har hannuna taka riƙewa in za ni bayan gida."

Inna Kulu ta ce, "Kai, ɗiyar ga! Wanga har abin faɗi ne? To in ban yi maki ba wa zan yi ma? Kina lalube, kina zuba gishiri cikin hura, in zuba maki ido?"

Likita ya ce, "Lalube, Inna? Ashe ba ta gani sosai?"

"Ido guda ne, na hagu. Kwana nawa ma, sai Allah ya..."

Ta tsaya. Ta rufe baki da gefen mayafi. Ta dube ni, na dubi bango. Ni dai ban ce uffan ba, Allah shaida ne.

Likita ya ce, "Inna, ba ku kira komai ba. Alherinku aka faɗa, kuma alherin nan shi ya nuna mini hanya." Ya haska idon Lami na hagu, ya daɗe yana dubawa, sannan ya ɗauki alƙalami ya yi rubutu mai yawa. Ya ce ba zai yanke hukunci ba sai an yi hoto a Yamai, amma yau ɗin nan za a kwantar da ita a fara ƙarin ruwa da maganin da ke kwantar da kumburi.

Da aka wuce da Lami, na tsaya a bakin ƙofa ina murza hula. Na ce, "Lokotoro, wagga tambaya, ina kunka samo ta?"

Ya ce malamarsu ce a jami'a ta koya musu, ita kuma ta ce daga tata malamar ta karɓa, wata da ta rasu kafin su shigo. Ya ce, "Tambayar Madam Salamatu muke ce mata. Ba a ba ka takardar fita sai ka iya ta. Ni ban taɓa ganin matar ba, ko hotonta."

Na so in yi magana, sai na ce kada dai ya zaci alfarma nake nema. Na ci gaba da murza hula. Inna Kulu ce ta bugi ƙirji.

"Salamatu ta Tajaye? Ai ga ƙanenta nan tsaye yana murzar hula! Wadda ka kwantar ɗiyarta ce. Malam Isuhu, kai kam ko gidanka ka cin wuta sai ka yi shawara kahin ka yi kururuwa."

Yaron ya miƙe tsaye. Ya ba ni hannu biyu. Ni ma na miƙa masa nawa.

Hoton Yamai ya nuna tabo a ƙwaƙwalwa da laka, tsoho da sabo. Ciwon ne. Ba zan ce wa mai karatu Lami ta warke ba, don wannan ciwo ba a gano maganin raba shi da mutum ba tukuna, kuma Yaya ba za ta yafe mini ƙarin gishiri ba. Ƙafar ta dawo, sai ɗan ja da take yi in rana ta take. Tana aikinta da sanyin safiya, da azahar ta shiga inuwa. Ana bin ta da magani, samunsa da wahala, amma muna samu. Ba a kai ta tsallake ba. Ta san sunan abin da ke damunta, ta san alamun da in ta gani za ta nemi likita a ranar, ba bayan wata ba. Inna Kulu kuwa ta zama mai wa'azi a bakin rijiya. Na ji an ce ta aika mata biyu asibiti, ta ce musu in yaron nan Bazabarme ya tambaye su wa ya yi musu daka, su faɗi gaskiya.

Yanzu in na auna abin da Yaya ta bari, ba na ruɗewa. Gidanta na Yamai wasu ne a ciki. Buronta an ba wani. Rubuce-rubucenta suna nan, masu ilimi suna ɗiba, kuma na daina raina sunan nan da ake sawa a ƙasan takarda, domin na gane ta wannan hanyar abin ya bi, daga takarda zuwa aji, daga aji zuwa bakin wani yaro da bai taɓa ganinta ba, daga bakinsa zuwa kunnen ɗiyata. Ta lura da mutanenta, ba ta ce su bar ladabinsu ba, ba ta kira su jahilai ba. Ta nemi ƙofar da suka bari a buɗe ta shiga ta nan, ta kuma nuna wa na bayanta. Ina da shakka a kan abubuwa da yawa a duniya, har da ko na kulle rumfata yau da na fito. A kan wannan ba ni da ita.

Kafin in aika wannan rubutu na je Bazaga neman izini, don ciwon mutum sirrinsa ne. Na aiki matata ta tambayi Lami, ina zaune a zaure. Sai ga muryarta daga tsakar gida, ta ɗaga ta yadda zan ji.

"A ce ma Baba shi rubuta. Amma shi sa sunan Inna, shi ce ita ta yi mani daka."

Na sa. Inna Kulu ce ta yi mata daka.

Ni kuma, da wani zai jawo kujera ya zauna kusa da ni ya ce, Isuhu, wa ya taɓa ɗaukar maka aiki wanda har yau kana gode masa, ba zan tambayi matata ba, ba zan buga waya Tajaye ba. A ɗakin likitan nan bakina a ɗaure yake, ɗiyata tana gabana, ba ni da abin yi. Yaya Salamatu ce ta yi maganar a madadina, tana da shekara tara a ƙasa. Allah ya haskaka kabarinta, ya ɗauke mata nauyi a ranar da kowa yake ɗauke da nasa.